Ƙafa Shida a Bayan Labule

Ran Talata da hantsi Auta ya faɗo shagon yayarsa ko sallamar kirki babu, ya ture yadin mutane gefe, ya zauna a kan benci ya fashe da kuka. Ƙato da shi, gemu har ya fara furfura, amma yana sheshsheƙa yana jan majina kamar yaron da aka ƙwace wa alewa. Yayar tasa, Tela, ko ƙafa ba ta ɗaga daga kan keken ɗinkinta ba. Ta san kukan nan tun yana jariri, ita ta goye shi ai, kuma ta san ba ya zuwa sai da wata buƙata a bayansa.

"Ɗaga mini gwiwarka daga kan leshin mutane," ta ce. "In majina za ka fyace, ga ƙyallaye nan a kwando."

"Yaya, wata takwas fa," in ji shi. "Wata takwas ban sa 'yata a ido ba."

"Wa ya jawo?"

Ya san amsar sarai. Shekara bakwai ya yi yana jibgar matarsa, malamar firamare da kowa ke kira Malama, baiwar Allah wadda ko ka sa mata yatsa a baki ba za ta ciza ba. Ranar ƙarshe ya murɗe mata hannu har tsintsiyar hannun ta karye, a gaban 'yarsu, wai don ruwan wankansa ya huce. Tir! Tela ce ta kai ta asibiti, ita ta riƙe ta ana ɗori, ita kuma ta tsaya a kotu ta faɗi abin da idonta ya gani, mahaifiyarsu Inna na zaune a baya tana watsa mata harara. Alƙali ya raba auren, ya bar wa Malama yarinyar, ya ce uban ba zai gan ta ba sai a ofishin kotu da ma'aikaci a zaune. Auta ya ce shi ba ɓarawo ba ne da za a sa masa mai gadi, bai taɓa leƙawa ba ko sau ɗaya. Malama ta tashi daga unguwar, ta sauya wurin aiki, ta sauya lambar waya. Duk faɗin dangin mijin, mutum ɗaya ta ba sabuwar lambar, ita ce Tela.

Tela kuwa aurenta biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai wannan yarinya ta zame mata komai. A ƙarƙashin teburin yankanta ta yi rarrafe. Ta taɓa haɗiye maɓallin riga aka kwana biyu ana bincikar fo, tun daga nan Tela ta laƙaba mata Maɓalli, sunan kuma ya bi ta. Yanzu shekararta shida, ran Litinin za ta shiga aji ɗaya, Tela kuwa ta rantse ba wani hannu da zai ɗinka mata kayan makarantar farko. Malama ta aiko da awo ta waya, amma awon malamar makaranta ne, da zare da rula, ya nuna yarinya mai kafaɗar ɗan dambe. Tela ta yi dariya ta ce a kawo ta ran Asabar ta gwada mata a jiki. Da ƙyar Malama ta yarda. Murna ce ta sa bakin Tela ya yi suɓul a gaban Inna, ga shi kafin kwana biyu maganar ta isa kunnen Auta.

"Ganinta kawai zan yi," ya ce yana share ido da hannun riga. "In tsaya a bayan labulen nan in leƙa. Ko tari ba zan yi ba. Ba za su ma san na zo ba."

"Kotu na nan ba ta tashi ba. Ka je can ka gan ta har ka gaji."

"Haba Yaya, ciki ɗaya fa muka fito."

"Shi ya sa na san ka. Tashi ka ba ni wuri, ina da aiki."

Ya tashi, amma ai ba shi ne babban makamin ba. Washegari Inna ta zo da kanta, ta ɗora ƙafa a kan tarin ƙyallaye, ta zauna tun safe har la'asar. Ba ta ci, ba ta sha, sai ajiyar zuciya da ƙarfi duk lokacin da mai ɗinki ta shigo. Ran Alhamis ta dawo, wannan karon da bakinta. Yaron nan ba ya barci, yaron nan ya rame, duba wuyansa. Tela ta ce ita wuyan da ta gani ya fi na bijimi kauri. Inna ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce nonon da kika sha shi ya sha, amma kin ɗauki bare kin ɗora a kai, kin je gaban alƙali kin tozarta mu, na haɗiye. Yanzu kallo, kallo kawai, shi ma sai na durƙusa miki? Sai kuwa ta fara zamewa daga kujera za ta durƙusa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, a gaban wata mata da ta zo karɓar riga.

"Inna, don girman Allah ki tashi!"

"Ba zan tashi ba. In kin hana, ban yafe miki ba."

Nan Tela ta karye. Ta kira Auta ta gindaya masa sharuɗɗa: shi kaɗai zai zo, ta ƙofar lungu zai shiga, ba motsi, ba magana, ba zai fito ba sai sun yi nisa. Ya rantse, ya maya, har da ɗaga yatsa sama.

Mutane in sun ji an ce kwanton ɓauna sai hankalinsu ya tafi daji, su hango 'yan fashi a bayan duwatsu. Ina! Ba a yi wa mutum kwanto a inda yake jin tsoro, can ai idonsa biyu. Inda ya saki jiki ake yi masa, kuma sai an samu wanda ya yarda da shi ya kira shi wurin. Da ɗan gari akan ci gari. Tela ta san wannan sarai, ba yarinya ba ce. Amma ta wuni ran Juma'a tana lallashin kanta, ai kallo ne kawai, ido ba ya cizo, uba ne ai ko da lalatacce. Ta ɗauki waya sau uku za ta gaya wa Malama, sau uku tana ajiyewa, don ta san in ta faɗa ba za a kawo yarinyar ba, ita ma kuwa wata takwas rabon ta da ganinta.

Shagon ɗaki ɗaya ne dogo. Daga bakin titi akwai keke biyu, sai teburin yanka da dutsen guga a kansa, sai benci, sai wata 'yar kujera mai faɗi da ake tsayar da yara a kai. Can ƙurya labule ne mai kauri, ruwan toka, daga wannan bango zuwa wancan, nan mata ke shiga su gwada kaya. Bayansa an rataye ɗinkunan da aka gama, sannan ƙaramar ƙofa mai sakata da ke fita lungu. Labulen bai kai ƙasa ba, saura kamar taƙi guda, don Tela da gangan ta ɗage shi saboda shara.

Ran Asabar ƙarfe tara Auta ya ƙwanƙwasa ƙofar lungu. Ya sha wanka, ya fesa turare kamar mai zuwa zance, har Tela ta toshe hanci.

"Wa ya ce ka yi wanka da turare? Ai tun daga titi za ta shaƙo ka."

Ta kunna fanka, ta goga man keke a ƙyalle ta rataye a jikin labulen don warin ya danne. Tana yi tana jin ƙyamar hannunta. Wai yau ita ce ke ɓoye warin namiji don ta yaudari matar da ta kira ta Yaya shekara bakwai.

"Yaya, bar sakatar a buɗe," ya ce. "Wurin nan ba iska."

Ta bar ta. Kai, wauta ba ta da babba.

Goma da rabi suka iso. Malama ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi dama, ta dubi hagu, sannan ta turo yarinyar gaba. Ta rame, amma fuskarta ta washe, irin ta wanda ya fara samun barci. Maɓalli kuwa ta yi tsawo, haƙoranta biyu na gaba sun fita, ta taho da gudu ta faɗa jikin Tela har ta kusa kayar da ita.

"Gwaggo! Gwaggo, na iya rubuta sunana!"

"Wane? Maɓalli?"

"A'a, na gaskiya!"

"Ai shi ne na gaskiya, 'yar wawulo. Ina kika kai haƙoranki, ko su ma haɗiye su kika yi?"

Malama ta yi dariya, ta cire takalmi, ta zauna a benci ta sauke mayafinta a kafaɗa. Ta ciro sabulu uku masu ƙamshi daga jaka ta ajiye a kan tebur, ta ce ba yawa. Sannan ta jingina da bango, ta lumshe ido, ta saki wani dogon numfashi.

"Wallahi Yaya, ko kasuwa na shiga sai in yi ta waiwaye kamar wadda ta yi sata. Nan ne kaɗai nake zama in juya wa ƙofa baya."

Tela ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan zafi. Sai ta shiga laluben tef ɗin awo, alhali yana rataye a wuyanta.

Ta tsayar da yarinyar a kan 'yar kujera, ta sa mata rigar a birkice, ciki a waje, yadda ake yi in za a rage. Shuɗiyar riga ce mai farin wuya, ta yi mata yawa ta ko'ina. Tela na da ƙa'ida a aikinta da ba ta taɓa karyawa: fil ɗin da take kama riga da su, ƙananan alluran nan masu kai, sai ta ƙirga su in za ta sa, ta ƙirga in ta cire, don kada ko ɗaya ya bi mutum gida. Ta kama kafaɗu da huɗu huɗu. Ta kama gefe da gefe da shida shida, daga hammata zuwa ƙugu. Ta sa huɗu a baya inda rigar ta yi jaka.

"Ware hannu, kar ki motsa. In kin motsa za su cije ki."

"Kamar cinnaka?"

"Sun fi cinnaka mugunta."

Yarinyar ta sandare tana ƙunshe dariya. Malama na ba da labarin sabon wurinsu ba tare da ta faɗi inda yake ba, cewa akwai famfo a tsakar gida, mai gidan tsohuwa ce mai kirki, yarinyar ta daina fitsarin kwance tun wata uku. Ta daina firgita in an buga ƙofa. Tela na ta cewa madalla, madalla, kunnenta na kan labule. Shiru, ko motsi babu. Har ta fara cewa a ranta to, wataƙila yau ɗaya a rayuwarsa Auta zai cika alkawari.

Saura kalmasar ƙasa. Ta jera fil takwas a tsakanin leɓɓanta kamar yadda ta saba, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai har kusa da daɓe don ta ga ko bakin rigar ya daidaita. Ta soka ɗaya, ta soka na biyu. Sai idonta ya wuce ƙarƙashin rigar, ya wuce ƙafar kujera, ya faɗa a kan taƙin nan da ke tsakanin labule da ƙasa.

Ƙafa shida ta gani.

Biyu na Auta ne, cikin baƙin takalmi mai sheƙi. Biyu cikin wasu manyan takalman leburori masu taɓo, ba ta san mai su ba. Biyun ƙarshe kuwa ko a mafarki za ta gane su: silifas ruwan ƙasa da ita ta saya da hannunta, da babban yatsan nan da ya karkace ya hau ɗan'uwansa. Inna ce. Tsohuwar da ta durƙusa mata shekaranjiya tana kuka, ga ta tsaye cikin rigunan mutane tana riƙe numfashi. A lokacin ne kuma kunnen Tela ya rarrabe wani gurnani da fanka ta rufe, mota ce a lungu, an bar injinta a kunne.

Ba ta iya ihu ba, bakinta cike da allura. Ba ta iya cewa a ɗauki yarinyar a ruga ba, don ta fi kowa sanin abin da ke jikin rigar. Ta tofar da fil ɗin a tafin hannu, ta kai yatsu kafaɗar yarinyar ta fara zarewa da sauri.

"Malama," ta ce ƙasa-ƙasa, "sa takalminki."

"Lafiya, Yaya?"

"Na ce ki sa takalminki."

Muryar ce ta tona ta. Labule ya yage daga igiyarsa gaba ɗaya. Ƙaton mai takalman leburori ya yi tsalle ya tare Malama da ƙirji. Inna ta biyo shi, ba ciwon gwiwa ba komai, ta cafke hannun Malama, kuma a cikin hannu biyu na dama ta zaɓa, wanda aka ɗora. Auta ya ture Tela da gwiwa, ya sure yarinyar daga kan kujera ya matse ta a ƙirji da iyakar ƙarfinsa.

Ihun da Maɓalli ta yi, Tela ba ta taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba. Allurai sun shige ta ta gefe da baya. Wasu suka huda rigar Auta suka same shi, shi ma ya ƙwalla ƙara, amma kun san abin da ya fito daga bakin uban kirki? "Wace irin banzar riga ce wannan!" Bai sauke ta ba. Ya janye ta daga jikinsa kawai, ya riƙe ta ta damtse ɗaya tana reto, ya nufi ƙofar lungu.

Tela na durƙushe ta yi sufa ta rungume ƙafarsa da hannu biyu. Ya ja ta a ƙasa, ta ƙi saki. Ta buɗe maƙogwaron da take kiran masu talla da shi daga ƙarshen titi.

"Jama'a! Ɓarayin yara! Ɓarayin yara a shagona!"

Ai kuwa kamar an buɗe dam. Mai aski na maƙwabta ya faɗo da almakashi a hannu, wanda yake yi wa aski na biye da shi da rabin kai. Mai gyaran waya ya tsallako tebur, matan da ke jiran mota a bakin titi suka cika ƙofa. Ƙaton nan da ya ji sunan da aka kira su, ya san abin da ke biyo baya, ya saki Malama ya bi ta kan labule ya fice. Aka ji mota ta fizga a lungu, ta bar masu gayyar a tsaye. Mai aski ya kama wuyan rigar Auta, sai a sannan ya saki yarinyar.

Malama ta fizge hannunta ta yo kan 'yarta da hannu a buɗe.

"Kar ki rungume ta!" Tela ta daka tsawa daga ƙasa. "Akwai allura!"

Malama ta ƙame. Yarinyar na tsaye a tsakiyar shago, hannuwa a ware, tana ihu tana kiran Mama, ɗigon jini na fitowa a jikin shuɗin yadi, fitsari na bin ƙafarta, uwarta na gabanta ba halin ta taɓa ta. Wata mata a bakin ƙofa ta ce innalillahi ta rufe fuska.

Auta kuwa tabarmar kunya ya shiga naɗewa da hauka. 'Yarsa ce, jininsa ce, wa ya isa ya hana shi? Mai aski ya ce ya rufe baki ko ya aske masa harshe. Sai Inna ta gyara mayafi, ta dubi Tela sama da ƙasa, ta ɗaga murya yadda na bakin titi ma zai ji.

"Ke da kika buɗe masa ƙofa da hannunki, kika shafa mai a labule don kada a ji ƙamshinsa, yanzu kike kiran ɗan'uwanki ɓarawo? Munafuka."

Malama ta juyo a hankali.

"Yaya, kin san yana ciki?"

Da Tela ta so, da ta ce tsohuwa ce ke sharri, kowa kuma zai yarda, ga gwiwoyinta a ƙuje, ga ihun da ta yi. Amma ta gaji da ɓoye wari.

"Na san shi yana ciki," ta ce. "Ya ce kallo kawai zai yi. Sauran ban san da su ba, wallahi."

"Tun da na shigo?"

"Tun kafin ki shigo."

Malama ta gyaɗa kai kawai. Ko zagi ba ta yi ba, da ma ta yi. Tela ta rarrafa wajen yarinyar ta miƙa hannu za ta zare fil ɗin da ke hammata, sai Maɓalli ta ja da baya tana makyarkyata.

"Mama, kar ki bari ta taɓa ni. Ita ta sa mini su."

"Tsaya daga nan," in ji Malama ba tare da ta dube ta ba. "Ki faɗa mini inda suke."

Haka aka yi. Tela ta koma jikin teburin yanka ta tsaya, tana faɗa daga nesa kamar mai ba makaho hanya. Shida a gefen dama, bi daga sama. Ja shi ta kansa, kar ki karkata. Huɗu a baya, tsakanin kafaɗu. Biyu a bakin riga ta gaba. Malama na zarewa da hannunta mai rauni tana jefawa a murfin gwangwani, yarinyar na zabura duk wanda aka cire. Ana cikin haka Inna ta matso kusa da Tela ta taɓa ta da yatsa.

"Ke, ba ki da auduga da maganin ciwo? Dubi yadda allurarki ta yi wa yaron nan ƙirji."

Tela ta dubi uwar da ta haife ta, ta dubi ƙaton da ke buɗe maɓallan riga yana hura ɗigon jini uku da baki. Ta tara yawu, ta rasa inda za ta tofar, ta haɗiye. Mai aski ne ya amsa a madadinta. Ya ce Hajiya, auduga na shagona, ku zo ke da jaririn naki ku zauna, kuma ba mai fita sai baiwar Allahn nan ta yi nisa, in ya so sai mu ji ta bakin hukuma. Ya tasa su gaba, mai rabin kai na tsaron baya.

"Nawa ne a murfin?" Tela ta tambaya.

Malama ta ƙirga. "Goma sha tara."

"Ashirin da shida na sa, na zare biyar kafin su fito. Saura biyu." Ta rufe ido ta tuna hannunta. "Duba hammatar hagu, sun shige cikin ninki."

Suna nan kuwa, ɗaya ya nutse har rabi. Malama ta zare, ta tuɓe rigar ta bar ta a ƙasa inda ta faɗi. Ta goge wa yarinyar ƙafafu da gefen zanenta, ta naɗe ta cikin mayafi, sai a lokacin ta rungume ta. Ta daɗe a haka, tana jijjiga ta. Sannan ta miƙe, ta zura takalmi, ta rataya jaka.

"Malama," Tela ta ce, muryarta ta dishe. "Ki bari in raka ku ko bakin titi ne. In tsayar muku da mota."

"A'a."

"To in kira ki anjima in ji jikinta?"

"Lambar ba za ta kai anjima ba."

Matan bakin ƙofa suka dare suka ba ta hanya. Ta kai dokin ƙofa ta tsaya, yarinyar ta cusa fuska a wuyanta. Tela ta ɗauka ko wata kalma ce za ta biyo baya, ko ta zagi ce, ta ɗaga kai tana jira.

"Yaya, alfarma ɗaya za ki yi mini," in ji Malama. "Ki juya ki kalli bango har mu tafi. Ba na so ki ga hanyar da muka bi."

Tela ta sauke kai. Ta juya ta fuskanci bango.